Tekun da ya taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Tambuwal, jan marmara zai gani da tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai. Amma kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratso Sahara ya kwanta a wannan yanki, da ya janye sai ya bar dutsen farar ƙasa cike da ƙwanson halittun ruwa. Shi ake fasawa a Kalambaina, inda aka fara yin siminti a 1967.

A wajen Tambuwal, yashi da yumɓun da masana suka raɗa wa sunan Gwandu ne a sama. To yaya ake gane abin da ke ƙasa, ko abin da zaizaya ta riga ta cinye? Da guntun dutse. Wani guntun ruwa ne ya gangaro da shi cikin kwazazzabo, wani kuwa mahaƙin rijiya ne ya fito da shi ya yar. Dutsen ya bar mazauninsa, amma ƙwanson da ke cikinsa bai canza ba. Sai masani ya gwada shi da na wurin da shimfiɗun ke jere yadda suka kwanta: laka ta Dange a ƙasa, farar ƙasa ta Kalambaina a tsakiya, laka ta Gamba a bisa. In ƙwanso ya zo ɗaya, zamani ɗaya ne. Daga rijiya zuwa rijiya, a hankali ake zana iyakar tekun.

Aikin ya daɗe. A 1930 W. E. Swinton ya yi bayanin ƙasusuwan dabbobi masu jan ciki da aka tono a lardin Sakkwato. A 1972 masana daga Italiya suka sa wa wata ƙatuwar dabbar teku suna Goronyosaurus, saboda Goronyo, a 1975 kuma wani kada ya samu sunan Sokotosuchus. Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekaru yana nazarin waɗannan duwatsu.

Abin da ke damuna, sunayen garuruwanmu ne, amma da wuya ka ji su a bakin ɗalibanmu. Manomi ko mahaƙi a Tambuwal da Kebbe, in ka tsinci farin dutse mai alamar katantanwa, kada ka fasa shi. Riƙe wurin da zurfin da ya fito, ka kai shi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.