Asalin Lasisin Gidajen Masu Taɓin Hankali a Ingila

Kafin 1774, kowa a Ingila na iya buɗe gidan tsare masu taɓin hankali ba da izinin hukuma ba. Binciken majalisa na 1763 ya bankaɗo mata masu cikakken hankali da danginsu suka sa aka kulle. Dokar 1774 ta wajabta lasisi da takardar likita, ta ɗora wa likitoci biyar duba gidajen Landan, ta yanka tarar fam 500 ga wanda ya tsare masu taɓin hankali ba tare da lasisi ba. Masu suka na cewa takarda ba ta warkarwa, kuma dokar ta manta da matalauta. Haka ne, amma lasisin ne ya ba hukuma damar shiga ɗakin da aka garƙame, sannan dokar 1828 ta ƙara ikon soke shi.