Dokar Lantarki ta 2016 da Kwangilar Sayen Wutar Rana a Nijar: Nazari daga Ƙaramar Hukumar Geceme

Tsakure

Maƙalar ta duba dokokin da ke tafiyar da samar da lantarki daga rana da iska a Jamhuriyar Nijar, da kwangilar da ake ƙullawa tsakanin mai samar da wuta da mai sayenta, tare da ɗaukar ƙaramar hukumar Geceme a matsayin ma'auni. Hujjarta ita ce dokar 2016 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, amma abin da ke yanke ko wuta za ta isa ƙauye yana cikin sharuɗɗan kwangila: wa zai biya, wa ya tsaya masa, kuma gonar wa za a ɗauka.

1. Gabatarwa

Geceme (Guéchémé a takardun hukuma) tana cikin Dallol Mauri, ƙasar Arawa, a gundumar Tibiri ta jihar Dosso. Kafin sauyin tsarin gundumomi na 2011 tana ƙarƙashin Dogon Dutsi. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanenta sun haura dubu ɗari, akasarinsu manoma da ke warwatse a ƙauyuka. Ruwan ƙasa a kwarin ba shi da nisa, shi ya sa noman rani ya kafu: rake, rogo, albasa da kayan miya. Rana kuwa ba ta yankewa.

Yammacin Nijar ya daɗe yana shan wuta daga Najeriya, ta layin kilobolt 132 da ya taso daga Birnin Kebbi ya ratsa Dosso zuwa Yamai tun 1976. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC, ke rabawa daga can take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse layin a farkon Agusta bisa takunkumin ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta CEDEAO, ba a maido da shi ba sai bayan ɗage takunkumin a 2024. Wannan ya nuna cewa yarjejeniyar sayen wuta, kome daɗewarta, siyasa na iya tsinka ta a dare ɗaya. Daga nan neman wutar gida ya zama maganar tsaron ƙasa.

2. Abin da doka ta tanada

Ginshiƙin fannin shi ne doka mai lamba 2016-05 ta 17 ga Mayu 2016, wadda ta maye gurbin dokar lantarki ta 2003. Ta bar samarwa da jigila da rarraba wuta a matsayin hidimar jama'a da ke hannun gwamnati, amma ta yarda a danƙa su ga kamfani mai zaman kansa ta hanyar yarjejeniya, ta kuma amince da mai samar da wuta don sayarwa da mai samarwa don amfanin kansa. Kafin ta, doka mai lamba 2015-58 ta kafa hukumar ARSE mai sa ido kan fannin makamashi da nazarin farashi, an kuma kafa ANPER a 2013 don wutar karkara. Doka mai lamba 2018-40 ta 5 ga Yuni 2018 ta tsara haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa.

A takarda ba a bar komai ba. A ƙasa kuwa, tashar rana ta Malbaza mai megawat 7, ta 2018, da rancen Indiya aka gina ta. Ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda aka ƙaddamar a Yulin 2023, da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai aka yi ta. Duka biyun na gwamnati ne, babu ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa yana jiran a biya shi da wutar da ya sayar. Babbar tashar 'yan kasuwa da ta fara aiki bayan dokar, ta Goudel a 2021, mai take ƙonawa. A 2021 gwamnati ta shiga shirin Scaling Solar na hukumar IFC don tashar megawat 50, a 2022 kuma ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy kan tashar iska ta Tarka a jihar Tahoua, mai kaiwa megawat 250. Tazarar da ke tsakanin sa hannu da kafa turaku ita ce abin nazari.

3. Cikin kwangilar

Mai tashar rana ba ya sayen mai. Kusan duk kuɗinsa yana kashe su ne kafin a kunna fitila ɗaya, kuma mafi yawansu bashin banki ne da za a biya cikin shekaru. Saboda haka banki ba ya duban rana, kwangila yake dubawa, wadda yawanci kan ɗauki shekara 20 zuwa 25.

Sharaɗi mafi nauyi a ciki shi ne na "ka ɗauka ko ka biya". Mai saye zai biya kuɗin wutar da tashar ta iya bayarwa, ko da layinsa ya lalace bai karɓa ba, kamar wanda ya ɗauki shatar mota zuwa kasuwa: ko ya cika ta da kaya ko ta tafi wayam, kuɗin shata na kansa. Ga mai jari adalci ne, tunda ba shi ya karya layin ba. Ga NIGELEC, wanda a aikace shi kaɗai ne mai saye a kan babban layi, nauyi ne babba, domin kuɗin da zai biya da su daga takardun wutan gidaje da ma'aikatu suke fitowa, farashin kuma gwamnati ke ƙayyade shi. In farashin bai rufe tsadar wuta ba, ko masu amfani suka jinkirta biya, giɓin kan kamfanin yake faɗawa. Shi ya sa mai jari ke neman wasiƙar lamunin banki ta kuɗin wasu watanni, da alkawarin gwamnati na sayen tashar in kwangila ta rushe, da kuma inshorar hukumomi irin su MIGA.

A batun kuɗin waje Nijar ta fi maƙwabciyarta ta kudu sauƙi, tunda sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957. Sai dai ƙasar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, ana kuma maganar kuɗin bai-ɗaya na ƙawancen Sahel. Kwangilar da za ta kai shekarun 2040 ba tare da ta faɗi abin da za a yi in kuɗin ƙasa ya sauya ba, an bar rigima ga 'yan baya. Haka wurin shari'a: Nijar na cikin ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta OHADA da cibiyar sasanci ta CIRDI, kuma dole a rubuta tun farko inda za a kai ƙara.

Najeriya ta riga ta nuna abin da ke faruwa in lamuni bai samu ba. A Yulin 2016 kamfanin NBET mai sayen wuta na gwamnati ya sa hannu da kamfanoni 14 kan wutar rana megawat 1,125, a kan santi 11.5 na dala kowane kilowat a awa, har da tashar da aka tsara a Kankiya ta jihar Katsina. Daga baya gwamnati ta nemi a rage farashin zuwa santi 7.5, aka cije kan takardar lamunin, shekaru suka wuce ba a gina ko ɗaya ba. Senegal kuwa ta bi hanyar gasa a fili da kwangila da aka shirya tun kafin gasar, ta samu ƙasa da santi 4 na yuro a tashoshin Kahone da Kael, suka fara aiki a 2021. Ranar Kankiya ba ta fi ta Kahone rauni ba.

4. Daga Geceme

Duk abin da ya gabata maganar manyan tashoshi ce. Ƙauyen da ke nesa da layi ƙaramar tasha yake buƙata, mai faranti da batura da 'yan turaku, irin wadda shirye-shiryen NESAP na 2017 da Haske na 2021, masu samun kuɗin Bankin Duniya, suka sa a gaba. A nan babu NIGELEC a tsakiya. Masu saye su ne mai injin niƙa, mai walda, mai firjin ƙanƙara, likitar ƙauye, da mai lambun da ke jan ruwa da injin fetur.

A ganina, a nan ne dokarmu ke buƙatar aiki na musamman. Gidan da ke kunna ƙwan fitila uku da cajin waya da daddare ba zai riƙe tasha ba. Wutarsa daga batura take fitowa, su ne kuma mafi tsada. Mai lambu fa? Da hantsi yake ban ruwa, lokacin da faranti ke ba da wuta kai tsaye, daga kaka har zuwa bazara. Shi ne mai sayen da tashar ke nema. Amma kuɗinsa sai ya sayar da albasa suke shigowa. Kwangilar da ta tilasta masa biyan wata-wata ba ta san dallol ba. Abin da ya dace shi ne a ƙulla ta da ƙungiyar manoma, a sassauta farashin rana, a daidaita biya da lokacin girbi.

Sai tambayar da kowane mai jari ke yi: in layin ƙasa ya iso fa? Farashin NIGELEC ya fi na ƙaramar tasha araha, jama'a kuwa za su koma can, kuma ba su yi laifi ba. Ƙa'idar da hukumar NERC mai kula da lantarki a Najeriya ta fitar a 2016 ta amsa da lissafi: a biya mai tasha darajar kayansa da ta rage, haɗe da kuɗin shigarsa na watanni 12 da suka wuce, ko ya haɗa tasharsa da layin ya ci gaba da aiki. Irin wannan lissafi ya kamata ya fito ɓaro-ɓaro a kowace yarjejeniyar da ANPER za ta ƙulla.

Batun fili shi ne na ƙarshe, kuma shi ne aka fi rainawa. Megawat ɗaya na faranti kan ci eka biyu ko fiye, a yankin da gonakin gado suka riga suka tsuke. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin filaye. Dokar ƙwace fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta wajabta diyya kafin a karɓa. Sai dai diyya kan tafi ga mai gona, alhali sau da yawa wanda ke nomanta ɗan aro ne, ko mai jingina, ko matar da aka yankar wa gamana. Ga kuma burtalin makiyaya da shinge zai iya toshewa. Ya kamata kwamitin filaye na ƙaramar hukuma ya rubuta sunayen duk masu cin gonar kafin a auna ta, a zaɓi fako maimakon fadama, a kuma fifita haya ta shekara-shekara a kan sayarwa, yadda filin zai koma ga magada in wa'adin tashar ya cika.