Yadda ƙwallon kitse ya shiga maganin ƙuna

1/ Jama'a, da yawan waɗanda suka yi mummunar ƙuna ba wutar ce ke kashe su ba, ƙwayoyin cuta ne ke shiga bayan fata ta tafi. Ku biyo ni mu ga yadda likitoci suka yi ta fama da wannan.

2/ Matsalar ita ce: maganin da ke kashe ƙwayar cuta sau da yawa yana taɓa sabuwar fatar da ke tohowa. A sa da ƙarfi, ciwo ya ƙi rufewa. A rage, ya ruɓe.

3/ A 1968 Charles Fox na jami'ar Columbia a Amurka ya fito da man shafawa mai sinadarin azurfa, irin wanda kuke gani a kemis da sunan Dermazin. Ya ceci rayuka sosai, amma daga baya aka lura yana iya jinkirta warkewa.

4/ Mu koma baya kaɗan, zuwa Ingila. A farkon shekarun 1960, Alec Bangham, likitan jini a cibiyar Babraham kusa da Cambridge, ya ga cewa wani nau'in kitse in ya haɗu da ruwa yana naɗe kansa ya zama ƙananan ƙwallaye masu ruwa a ciki. Ya wallafa a 1964. Ko tunanin ƙuna bai yi ba fa.

5/ Su ake kira laifosom. Bangonsu irin na ƙwayoyin jikinmu ne, shi ya sa jiki bai cika ƙyamarsu ba. A shekarun 1970 Gregory Gregoriadis ya nuna ana iya cusa magani a cikinsu.

6/ A 1980 Mezei da Gulasekharam a Kanada suka gwada su a kan fata. Maganin ya fi zama a fatar, kaɗan ne ya wuce cikin jini.

7/ Daga nan a Jamus aka zuba aidin cikin laifosom, aka yi man Repithel. Aidin na kashe ƙwayar cuta, kitsen na hana ciwon bushewa. An yi amfani da shi a ƙuna da dashen fata.

8/ In wani ya ƙone a gida, don Allah ban da man goge baki ko ƙwai. Ruwa mai sanyi-sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, sai asibiti.