Yadda Ma'aikatan En'e Suka Shirya Bikin Mulkin Kai a Garuruwan Hakimai

Ran Asabar, 1 ga watan Oktoba, 1960, cikin watan Rabi'u Lahir na Hijira 1380, Nijeriya ta sami cikakken mulkin kai. Abin da aka yi a Ikko sananne ne. Da tsakar dare aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa, aka ɗaga ta Nijeriya, da gari ya waye kuma Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniya, ta miƙa wa Firayim Minista, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, takardun mulki. Amma waɗanda suka ga wannan da idonsu ƙalilan ne. Yawancin mutanen Arewa iyakar abin da suka gani na mulkin kai a wannan rana shi ne abin da aka yi a ƙofar hakiminsu ko a filin makarantar garinsu. Wannan kuwa ba Gwamna ya tsara shi ba. Takarda dai ta fito daga sama, ta bi ta ofishin Razdan da fadar Sarki, amma ɗawainiyar ta faɗa wuyan ƙananan ma'aikatan En'e, watau malamin hakimi, da babban malamin makaranta, da alƙali da muftinsa, da malamin asibiti, da 'yan doka ƙalilan da ke garin.

Ba su ɗauki aikin da ka ba, gama sun gaji hanyoyi biyu na yin taro. Ta fari ita ce hawan salla, wanda ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Turawa suka gan shi ya ba su sha'awa, suka ara, suka laƙaba masa sunan da suka zo da shi daga ƙasar Hindu, shi ne Hausa ta mai da shi daba. An yi daba a Zariya cikin 1911 saboda naɗin Sarkin Ingila Joj na Biyar, aka yi wa Gwamna Lugga a Kano cikin 1913, aka yi wa Yariman Ingila mai jiran gado a Kano cikin 1925, sa'an nan ga wadda aka yi wa Sarauniya a Kaduna cikin 1956. Hakimai da barorinsu da suka raka sarakunansu waɗannan wurare sun komo gida da sanin yadda a ke jera dawaki a gaban rumfa bisa ƙa'ida, da agogo a hannu.

Hanya ta biyu ita ce Ranar Empaya, watau ranar tunawa da daular Ingila, wadda a ke yi kowace shekara ran 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya. Wannan ta 'yan makaranta ce. Su yi maci, su sara wa tuta, a karanta musu jawabi, sa'an nan a shiga tsere da jan igiya. Talakawa ba su ɗauke ta da wani nauyi ba, kuma ba a ga laifinsu, domin ta kan faɗo a bakin damina, sa'ad da kowa hankalinsa ke kan sharar gona da shuka. Cikin 1958 aka sake mata suna a Ingila. Ko da ya ke haka, a gare ta malamai suka koyi jera yara sahu-sahu da ja wa tuta igiya. Bikin 1960 a ƙaramin gari sai ya zama haɗin waɗannan biyu, maci da safe, hawa da yamma.

Abin da mai shirin biki ya kan fara dubawa shi ne lokaci. Shekara guda kafin wannan an ga misali. Jihar Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris, 1959, amma da ya ke ranar ta faɗo cikin azumi, sai aka ɗage shagalin zuwa watan Mayu, aka yi babbar daba a Kaduna a gaban Duke na Gloucester, baffan Sarauniya. Oktoba ta 1960 ba ta ci karo da azumi ba, sai dai ita ma da nata. Ƙarshen damina ne, an yanke gero, dawa na tsaye, ana shirin cirar gyaɗa. Dawaki sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, abinci ya samu, wannan alheri ne. Amma hanyoyin ƙauye duk sun lalace, rafuka ba su janye ba, dagacin da ke hayin kogi sai ya taso da kwana ɗaya ko biyu a hannu. Filin da za a yi sukuwa kuma ciyawa ta rufe shi, gonakin mutane sun kewaye shi, tilas a nome, a cike ramuka, a ja iyaka yadda doki ba zai faɗa dawar wani ba.

To, sai maganar kuɗi, ita ce uwar wahala. Ka'idar baitulmali ita ce ba a fid da ko kwabo sai abin da ke cikin kasafin shekara, shekarar kuɗi kuwa a wancan zamani daga 1 ga Afrilu ta ke farawa. Abin da ya wuce kasafi sai an nemi izini, Ma'aji kuwa ba ya buɗe akwati sai ya ga takarda da sa hannu. Abin da ke isowa gunduma daga birni ba ya taɓa kai yawan bakin da za su ci. Ga dagatai da mahayansu, kowane doki da mai kama shi, kowa na bukatar masauki da tuwo, dokin na bukatar dawa da harawa. Ga makaɗa da maroƙa, waɗanda ba a rubuta musu baucan biya, amma idan ba a sallame su ba gari ya ji. Tsohuwar hanya mai sauƙi ce: hakimi ya faɗa wa dagatai, dagatai su faɗa wa masu unguwa, masu unguwa su bi gida gida, wannan damin gero, wancan kaza, wancan ya kawo zana da itacen rumfa. Amma a 1960 wannan hanya ta zama mai hatsari. Tun cikin watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a cikin watan nan kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda babbar waƙarta ita ce abin da a ke karɓa daga hannun talaka ba bisa doka ba. Daga baya aka yi Dokar En'e ta 1954, aka kakkafa majalisun gunduma masu ɗan asusu na kansu. Saboda haka malamin hakimi mai hankali ya san ba a yi wa mutum bikin 'yanci da kazar da aka ƙwace masa. Gara a kai maganar gaban majalisa, a roƙi attajirai da 'yan kasuwa gudummawa a fili, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar. Inda aka bi wannan, biki ya kan ƙare da ranarsa. Inda aka bi tsohuwar hanya kuwa, ya kan bar baya da ƙura, har takardar ƙara ta kai ga Di'o.

Bayan kuɗi sai jeri, wanda bare zai ɗauka wasa ne. A hawan salla kowa ya san wurinsa tun kaka da kakanni. Dagacin da garinsa ya fi daɗewa ba ya yarda ya bi bayan wanda ya fi shi yawan masu biyan haraji, kuma wanda aka sa a baya sau ɗaya ya san an kafa hujja a kansa har jikokinsa. Kayan kiɗa ma da iyakarsu, kakaki da tambari ba kowane basarake a ke yi wa ba, wanda ya ari abin da bai gada ba sai labari ya riga shi isa birni. Wannan duk da sauƙi, gama akwai dattawan fada da za a tambaya. Abin da ba shi da tsohuwar ƙa'ida shi ne rumfa. Ina za a ajiye ɗan majalisar da aka zaɓa a watan Disamba na 1959, wanda watakila ɗan talaka ne, amma yanzu shi ke zuwa Ikko da sunan ƙasar? Gaban alƙali ko bayansa? Ina wurin liman, ina na tsofaffin sojan da suka yi yaƙin Bama, ga su da lambobinsu a ƙirji? Ga kuma mutanen Kudu, akawuna da masu kanti da ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda ranar tasu ce kamar yadda ta ke ta kowa. Kujeru kuwa ƙidayayyu ne, yawancinsu bencunan makaranta ne aka ɗebo. Malamin da ya zauna da fensir ya raba waɗannan bencuna ba tare da wani ya tashi cikin fushi ba, ya yi aikin da ya fi na mai jawabi wuya, ko da ya ke ba a buga sunansa a Gaskiya Ta Fi Kwabo ba.

Tuta ba ta ba da wahala ba. Wani ɗalibi ɗan Nijeriya da ke karatu a London, Taiwo Akinkunmi, shi ya zana ta cikin 1959, alƙalan gasar suka cire jar rana da ya sa a tsakiya, ya rage kore, fari, kore, a tsaye. Kowane tela na kasuwa ya iya ɗinka ta, in dai an gargaɗe shi kada ya kwantar da ƙyallayen. Taken ƙasa shi ne ya sa malamai gumi. Da Turanci aka yi shi, wata Baturiya, Lillian Jean Williams, ta tsara kalmominsa, yaran ƙananan azuzuwa kuwa da Hausa a ke koya musu karatu. Sai aka bi da su yadda a ke bi da hadda, malami ya faɗa su amsa, safe da yamma, har ya zauna.

Alƙalai da muftansu suna da wani nauyi a wannan mako wanda jama'a ba su lura da shi ba. Ran 30 ga Satumba, 1960, watau jajiberen bikin, sabuwar dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda a ke kira Final Kod, ta fara aiki, bayan an yi ta kai ma'aikatan shari'a kwas a makarantar koyon aikin mulki ta Zariya. Ashe duk wanda 'yan doka suka kama a taron, ɓarawon aljihu ne ko mai faɗa, da sabon littafi za a yi masa hukunci, littafin da tawadarsa ba ta gama bushewa a kan mutane ba. Ga shi kuwa zafin zaɓe bai huce ba, mawaƙan jam'iyyu ba su rasa habaici. Dabara ita ce a kira shugabannin kowane ɓangare tun da wuri, a yi alkawari a gaban hakimi, ranar ta ƙasa ce, kowa ya bar tutar jam'iyyarsa a gida.

Ranar kanta ba ta da tsawon labari. Aka yi addu'a, aka ɗaga tuta, aka karanta saƙon manya da Hausa, 'yan doka da 'yan makaranta suka wuce da maci. A wurare da yawa an raba wa yara 'yan ƙananan tutoci da kofunan tunawa da ranar, aka dafa musu shinkafa da nama. Da la'asar mahaya suka yi jafi, suka yi jinjina, 'yan kokawa da 'yan dambe suka shiga fage, kalangu ya kwana yana tashi.

Saura aikin bayan biki, wanda ba mai kallo. A mai da bencuna makaranta, a kwance rumfa, a mai da zana ga masu ita, a tattara rasidai a aika wa Ma'aji kafin mai binciken kuɗi ya zo. A zauren alƙali kuwa irin ƙarar da ke bin kowane hawa ita ke jira: wanda ya ba da aron riga ko sirdi ba a mayar masa ba, da wanda doki ya yi wa ɓarna a gona.

Ma'aikatan nan sun ci gaba da shirya wannan rana kowace shekara, har da ta 1963 da Nijeriya ta zama jamhuriya. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e ɗaya bayan ɗaya, cikin 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi a madadinta. Daga nan shugaban ƙaramar hukuma ya zama shi ke tsayawa a kan dandamali yara su sara masa, dawaki kuwa galibi suka koma jiran salla.