BABI NA UKU: TARIHIN ALHAKIN DARAKTOCIN KAMFANI GAME DA MUHALLI A ƘASASHEN ƘANƘARA DA FASKARI DA SABUWA

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a bi diddigin yadda doka ta ɗora wa daraktocin kamfani nauyin kula da ƙasa da daji da yanayi, tare da duba yadda abin ya shafi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina. Tambayar da za a riƙa waiwaya ita ce: idan kamfani ya ci amfanin ƙasar wani yanki, ga wa yake ba da bahasi, kuma wane ne ke da ikon tuhumarsa?

3.1 Zamanin Auduga

Kamfani irin na zamani ya shigo wannan yanki ne ta hanyar auduga. A shekarar 1902 masu masaƙu na Lankashaya a Ingila suka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya, wadda aka fi sani da BCGA, saboda sun gaji da dogaro da audugar Amurka. Kudancin lardin Katsina ya dace da bukatarsu, domin ya fi arewacin lardin samun ruwan sama, kuma tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin manoman auduga ne, akwai masu kaɗi da masaƙa da marina. A shekarar 1912 aka shigo da irin auduga mai suna Allen, mai dogon zare. A cikin shekarun 1920 aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, wadda ke cikin ƙasar Faskari, sannan aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙaura Namoda a 1929. BCGA ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Manomi ya karɓi angurya, ya shuka, ya tsince, ya kai fuloti a auna; daga nan sai injin gurza, sai jirgi, sai bakin teku.

Abin lura a nan shi ne inda rahoto ke tafiya. Shugabannin ƙungiyar suna zaune a Mancesta, kuma waɗanda suka zuba kuɗi su ne ake yi wa bayani a ƙarshen shekara: dila nawa aka saya, nawa aka kashe, nawa aka samu. Dajin da aka sare don faɗaɗa gona, da ƙarfin ƙasar da auduga ke zuƙewa, ba su cikin abin da doka ta ce a lissafa. Dokar kamfanoni ta farko a Nijeriya, wato ta 1912, wadda aka faɗaɗa ta ga ƙasar baki ɗaya a 1917, kwafin ta Ingila ce, kuma a fahimtar wannan doka darakta amintaccen masu dukiya ne kawai. Kula da daji kuwa an bar wa gwamnati da En'e, ƙarƙashin dokar gandun daji ta 1916 da waɗanda suka biyo bayanta. A irin wannan tsari ne aka keɓe dazuzzuka kamar Rugu da Kogo. Ke nan tun daga tushe an raba aiki biyu: kamfani ya ci riba, hukuma ta tsare daji, kuma babu wata takarda da ta haɗa su.

Sauye-sauyen da suka biyo baya ba su taɓa wannan rabo ba. An kafa hukumar cinikin auduga a 1949, aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa a 1954, sannan a 1977 aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya mai hedkwata a Funtuwa, wadda gwamnatin Babangida ta rushe a 1986. Dokar kamfanoni ta 1968 ita ma ta bi sawun ta Ingila ta 1948.

3.2 Fari da Shirin Noma na Funtuwa

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya nuna wa kowa cewa damina ba abar tabbas ba ce. Jim kaɗan bayan haka, a 1975, aka fara Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, kuma Ƙanƙara da Faskari na cikin gundumomin da ya shafa. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara, har masara ta zama abin sayarwa a inda da dawa da auduga ne ke gaba. Babu mai musun cewa manoma da dama sun amfana. Sai dai kuma ma'aunin nasarar shirin shi ne yawan buhunan da aka noma da tsawon hanyar da aka gina. Yayin da gonaki ke faɗaɗa, burtali da makiyaya suna ƙuntata, kuma wani farin ya sake aukuwa a 1983 da 1984. Ba za a ce wannan kaɗai ne ya haifar da rikicin da yankin ya faɗa daga baya ba, wanda ya kai ga sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, domin dalilansa suna da yawa. Amma takaddama kan ƙasa da daji tana daga cikinsu.

3.3 Shigowar Muhalli Cikin Doka

Abin da ya farkar da gwamnati ya faru ne nesa da Katsina. A 1988 aka gano dattin masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, kuma a 1992 aka yi dokar soja mai lamba 86, wadda ta wajabta auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Dokar ta ambaci share dajin da ya kai hekta 500 don noma, da haƙar ma'adinai a filin da ya wuce hekta 250. Idan aka dubi yadda ake cin daji a wannan yanki, wato kaɗan-kaɗan, gona bayan gona, buhun gawayi bayan buhu, za a ga cewa akasarin ɓarnar ba ta kai ma'aunin da dokar za ta kama ta ba.

Ita kuwa dokar kamfanoni ta 1990, wadda ta kafa hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ta ɗan matsa gaba. Sashe na 279 ya ce darakta ya yi la'akari da ma'aikata tare da masu hannun jari. Muhalli bai shiga ba sai bayan shekara talatin, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni a Agustan 2020. Sashe na 305 na wannan doka ya umarci darakta da ya yi la'akari da tasirin ayyukan kamfani ga muhallin al'ummar da yake aiki a cikinta. Wannan shi ne karo na farko da aka rubuta ƙasar mai masauki a cikin aikin darakta.

Amma akwai inda gizo ke saƙar. Sashen ya ce kamfanin ne ke da ikon tilasta wa darakta cika wannan nauyi. Wato manomin Sabuwa da aka gurɓata masa rafi ba zai iya kai darakta kotu da wannan sashe ba, sai dai ya nemi wata hanyar shari'a daban. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce da aka gada daga shari'ar Foss da Harbottle ta 1843 a Ingila. Ko mai hannun jari ma ba ya samun abin da sauƙi. A 2023 ƙungiyar ClientEarth, wadda ke da 'yan hannayen jari a kamfanin Shell, ta nemi gurfanar da daraktocinsa a Landan bisa zargin sakaci da haɗarin sauyin yanayi, amma babbar kotu ta ƙi ba da izinin ci gaba da ƙarar. Idan lauyoyin Landan ba su kai labari ba, ana iya kwatanta halin mai gona a Daudawa.

Doka ɗaya da ta ba mai masauki baki ita ce ta ma'adinai ta 2007, wadda ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Wannan ya shafi Ƙanƙara kai tsaye, saboda farar ƙasar da Allah ya hore mata. Sai dai yarjejeniyar tana aiki ne a kan mai lasisi, alhali haƙa da yawa a Arewa masu diga da shebur ne ke yin ta, su sayar wa dillali.

3.4 Dokokin Bayyana Bayanai Kan Sauyin Yanayi

A Nuwambar 2021 aka sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa kan lamarin. Ta umarci duk kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye da ya ɗauki matakan rage iskar da ke ɗumama duniya, ya kuma naɗa jami'in da zai riƙa miƙa rahoto duk shekara. A Yunin 2023 hukumar ISSB ta duniya ta fitar da ƙa'idoji biyu, S1 da S2, na yadda kamfani zai bayyana haɗarin da yanayi ke jawo masa, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓe su. Jadawalin da hukumar FRC ta fitar a 2024 ya bar abin a matsayin ganin dama har zuwa 2027, ya zama dole ga manyan kamfanoni daga 2028, ƙanana da matsakaita kuwa daga 2030.

Waɗannan ƙa'idoji an tsara su ne don mai zuba jari. Tambayar da suke amsawa ita ce yadda fari ko ambaliya za su taɓa kuɗin kamfani, kuma ana buga rahoton da Ingilishi, a gabatar a taron masu hannun jari a Ikko ko Abuja. A wannan fuska, hanyar da rahoto ke bi ba ta sauya sosai ba daga zamanin BCGA. Duk da haka akwai wata kafa. Ƙa'idar S2 ta bukaci kamfani ya lissafa har da iskar da ake fitarwa a wuraren da yake sayen kayan aikinsa. Saboda haka babban kamfanin abinci ko na abincin kaji da ke sayen masara da waken soya daga kasuwannin kudancin Katsina zai bukaci sanin gonakin da kayan suka fito, da ko an sare daji kafin a noma su. Tsakanin wannan kamfani da manomin Faskari kuwa akwai dillalai biyu ko uku, waɗanda yawancinsu ba su da rajista da CAC, kuma cinikinsu da baki ake ƙulla shi a bakin kasuwa.