Daga Fadar Inna Zuwa Wayar Hannu

Kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, bori a ƙasar Gobir al'amari ne na mulki, domin Inna, 'yar gidan sarautar da ke shugabantar masu hawan iska, tana da faɗa a ji a Alƙalawa, har birnin ya faɗi a 1808. Malaman daular da jihadin ya kafa suka hukunta shi da shirka, Nana Asma'u kuma ta aika jajis ɗinta, wato malamai mata, ƙauyuka su karantar da mata. Amma abin da aka kora daga fada bai mutu ba, sai ya koma kasuwa ya zama hanyar neman abinci.

Jega kuwa, wadda Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ya kafa a ƙarƙashin Gwandu, ta kasance mahaɗar fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma inda fatake suka yada zango, nan boka da mai tsibbu da mai sassaƙe ke shimfiɗa tabarma. Daga tabarma aka koma lasifika a kan mota, irin wadda ake ji a kasuwanni daga Jega har Maiyama, sannan tallan rediyo, har wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Yau mai neman farin jini ko karya sammu yakan tura kuɗi ta banki, a aiko masa da bayani ta WhatsApp, ba garaya, ba girka, ba taron jama'ar da a da ke shaida ko iska kamar Ɗan Galadima ya sauka da gaske. A nan, a ganina, asarar take: jama'a ce ke tantance mai gaskiya da ɗan damfara, waya kuwa ba ta da wannan hisabi.

Haka lamarin ya gudana a Koriya ta Kudu, inda hukuma ta tsananta wa 'yan borinsu, mudang, a shekarun 1970 da sunan zamani, ga su yau suna duba a YouTube.

A nan gida kuwa, masu ɗorin Aliero su ne waya ba ta canja wa sana'a sosai ba. Ana kiransu a tambayi hanya, amma mai karaya dole a ɗauko shi a mota a kawo shi gaban mai ɗori.