Mutum-mutumin Kirsimeti na Fontanini

Fontanini ƙananan mutum-mutumi ne na ƙasar Italiya da ake jerawa lokacin Kirsimeti don nuna haihuwar Yesu Almasihu: jariri a komin dabbobi, Maryamu da Yusufu, makiyaya da tumakinsu, da masana daga gabas. Emanuele Fontanini ya kafa sana'ar a garin Bagni di Lucca na yankin Toskana a shekarar 1908. Da farko da dakakkiyar takarda ake ƙera su, daga baya aka koma roba mai ƙarko wadda ba ta saurin fashewa, ana yi mata fenti da hannu.

Masu tara tsofaffin kaya kan kifa mutum-mutumin su duba gindinsa. Tsofaffi na ɗauke da tambarin gizo-gizo, sau da yawa tare da rubutun "Depose Italy" da lambar ƙira. Na baya-bayan nan kuwa tambarin maɓuɓɓugar ruwa ne. Masu tsawon inci 5 sun fi yawa. Darajar saiti tana ƙaruwa idan ya cika ba gurbi, fentinsa na asali bai koɗe ba, kwalinsa kuma yana nan.